Baƙar Motar Lauya

Wata uku ke nan da kamfani ya karɓe makulli daga hannunsa, amma har yau Direba ake ce masa. Irin wannan suna ba ya fita da wanki. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan manyan ma'aikata daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa filin jirgi, ko madubin motar wani bai taɓa gogewa a hanya ba. Ran da ya dawo gida da rana tsaka ya ce wa matarsa an rage ma'aikata, sai ta yi salati, ta zage kamfanin tas tun daga mai shi har mai gadinsa, maƙwabta suka shigo jaje suka taya ta. Shi kuwa yana zaune a bakin gado yana kwance igiyar takalmi.

Ba rage ma'aikata aka yi ba. Gwajin ido na shekara-shekara ne ya kama shi. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, tabarau ba zai yi ba, tiyata ba za ta yi ba, ga maganin ɗigawa nan zai rage mata sauri, iyakarsa ke nan. Direba ya ce to, ya gode. Ya ninke takardar likitan gida huɗu ya cusa a aljihun tsohuwar rigar aiki, ya rataye rigar a bayan ƙofa. Ya yi ta jiran abin ya zo masa, kuka ko fushi ko tsoro, kowanne ne ma. Shiru kake ji. Abinci yana ci, bai ji daɗinsa ba, bai ji rashin daɗinsa ba. Zuciyar tasa ta yi irin abin da ƙafa kan yi idan an daɗe zaune a kanta.

Kada a ce makaho ne, bai kai can ba tukuna. Idan ya ga mota ya san mota ce, mutum ma yana gane shi in ya matso taku biyu. Ƙananan abubuwa ne suka tafi, su rubutu, su allura, su gashin gira. Idan kuwa rana ta take, komai sai ya koma fari fat kamar an watsa masa gari a fuska. A inuwa yana lallaɓawa. Babu wanda ya sani, har matar da suke kwana ɗaki ɗaya.

Ita ce ma ta samo masa aikin. Ƙaninta Auta yana da wurin goge motoci a bayan wani gidan mai, fili ne mai katanga da rumfar kwano mai ɗaki uku, dogayen fitilu farare a sama, kwata a tsakiya, ga kanta cike da robobin mai da soso kala-kala. Auta, wanda Direba ya sha saɓawa a kafaɗa lokacin da yake neman yayarsa, yanzu ga shi da gemu da tumbi yana kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, ba zan ɓoye maka ba," in ji Auta yana sosa ƙeya. "Aikin nan ba wanki ba ne. Wata ɗaya za ka yi kana koyo. Ƙarshen wata zan ba ka mota guda, kai kaɗai, daga wanki har ƙyalli. Mu fitar da ita rana. In ba ta ba mu kunya ba, rumfar tsakiya taka ce. In kuwa ta ba mu..."

"Sai in koma gida," in ji Direba.

"Haba Yaya, ni ban ce haka ba."

"Na ce maka."

Gida kuwa ya san abin da yake nufi. Kujerar nan ta roba a ƙofar ɗaki, da rediyo, da mata suna ratse shi da tsintsiya suna cewa ɗan ɗaga ƙafa. Ya yi wata uku a kanta, ya san ƙarar kowane murfin tukunya a gidan. Idan akwai abin da ya rage yana gudu a duniya, to kujerar nan ce.

Ranar farko Auta ya kai shi gaban wani tsohon bonet na mota da aka ɗora a kan ganguna biyu, wanda kowane ɗan koyo ke fara ɓarna a kansa. Ya ce fentin mota hawa-hawa ne, akwai launin a ƙasa, sannan akwai fatar sama mai ƙyalli, siririya, ba ta kai kaurin takarda ba. Duk zanen da ake gani a cikinta yake. "Mutane sun ɗauka share zane muke yi. Ina! Fatar da ke kewaye da zanen muke ci har su zo daidai. Ka ci kaɗan, zane yana nan. Ka ci da yawa, ka huda, sai dai sabon fenti. Sa farce a nan. Ka ji ya maƙale? To wannan ya fi ƙarfinmu, kada ka bi shi, ka rage masa kaifi kawai ka wuce."

Wannan duk Direba ya gane, don farce da kunne ake yinsa. Sai Auta ya ɗauko 'yar tocila ya haska a kan bonet ɗin.

"Amma ga manyan abokan gabanmu. Ka ga waɗannan siraran, masu zagaye hasken kamar saƙar gizo? Hannu ba ya jin su, farce ba ya kama su. A inuwa mota tana walƙiya, tana fita rana su tona maka asiri. Ka gan su?"

Direba ya sunkuya. Abin da ya gani ɗan dunƙulen haske ne mai hazo.

"Na gani," ya ce.

To fa! Cikin duk sana'o'in da Allah ya saukar, ka rasa wadda za a kai mai ciwon ido sai wadda gaba ɗayanta farautar abin da ya fi gashi siranta ce. Wani da ya yi dariya, wani da ya yi kuka. Direba karɓar injin gogewa ya yi ya tambayi inda ake kunnawa.

Injin ya zauna masa a hannu. Mutumin da ya shekara ashirin yana jin lafiyar mota ta tafin hannu da ƙashin baya, ba a yi masa dogon bayani a kan inji. Cikin kwana huɗu ya gane kukansa, idan soso ya kwanta daidai murya ɗaya ce, idan ya karkata sai ta sauya. Ya koyi taɓa ƙarfen da bayan hannu, in ya fi ɗumin goshin mai zazzaɓi sai ya dakata. Sau ɗaya ya ƙona gefen bonet ɗin koyo, bai ma sani ba sai da aka nuna masa, don wurin ya fi ko'ina santsi. Tun daga ranar ya riƙa bin duk wani gefe da kusurwa da salatif kafin ya kunna inji. Saura saƙar gizo, ita ce ba ta da dabara. Sai Allah ya kawo masa Mai Fenti.

Mai Fenti tsoho ne da ke aiki a rumfar ƙarshe, siriri, faratansa ba su taɓa zama launi ɗaya ba. Bakinsa kuwa, Allah ya kiyaye. Bai taɓa wuce aikin wani bai kushe ba, ko kwano ka wanke sai ya nuna maka inda mai ya rage. Shi ya raɗa wa Direba Hawainiya saboda nawarsa. Wata rana yana wucewa da gwangwanin fenti ya tsaya a kan aikin Direba ya yi tsaki.

"Wannan gogewa ce ko rubutun yara? Dubi nan. Dubi nan. Nan kuma me ka shuka?"

Yana faɗa yana dangwala yatsa. Yatsa kuwa Direba yana gani. Tsohon na juya baya ya yanki salatif ya manna a gefen duk inda yatsan ya sauka, ya koma ya sake bin wuraren. Daga ranar ya samu idanu. Da ya gama yanki sai ya ɗaga murya, "Baba, wannan kam ko kai ba ka isa ba." Sai ka ji an ajiye gwangwani. Tsohon zai taho yana kaɗa kai, ya karɓe tocila, ya zazzage masa aibin aikin kaf har da na kakanninsa. Direba ya ce, "Tuba nake, Baba," ya ɗauki salatif.

"Kai dai ba ka da zuciya," in ji Mai Fenti wata rana. "Ana zaginka kana godiya."

Gaskiya ya faɗa, bai dai san iyakar gaskiyar ba.

A gida matarsa ta ce ya fara yin kyan gani. Takan karɓi rigarsa ta shinshina ta ce wannan man nasu kamar alewa yake ƙamshi, ta tambaye shi ko Auta yana yi masa rashin kunya, in yana yi a gaya mata ta je ta ja masa kunne, ita ta yi masa wankan kashi. Ya ce ba ya yi. Maganin ɗigawa a banɗaki yake sa shi, ya ɓoye kwalbar a saman katanga bayan wani tsohon bokiti. Rannan ta miƙo masa waya ya karanta mata saƙon da aka turo daga makarantar yara, ya ce hannunsa duk mai ne, ta bai wa babbar 'yarsu. Ba ƙaryar ce take damunsa ba. Abin da ya ɗan ba shi mamaki shi ne yadda take fita ba tare da ta taɓa komai a cikinsa ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ƙarshen wata, da hantsi, wani lauya ya kawo baƙar mota, doguwa, wadda mai gadinsa ya shekara uku yana dirza da tsumma ɗaya. Lauya ya ce jibi yake son ta a ofis kafin a tashi, ya hau tasi ya tafi. Auta ya zagaya motar yana fito.

"Baƙar mota ba ta rufa wa kowa asiri. Yaya, ga taka." Sai ya juya wajen rumfar ƙarshe. "Baba, kwana biyun nan bakinka ƙanin ƙafarka. Ko leƙe ban yarda ba."

"Ni me na yi?"

"Ba kai ba ne. Yaya ne. Na lura da idonka yake aiki, shi ba ya son wahalar dubawa." Auta ya yi dariya ya dafa kafaɗar Direba. "Manyan direbobi, an saba da hutu."

Direba ya taya shi dariyar. Ya ji sanyi ya ratsa shi daga wuya zuwa ciki, ya tsaya ya ga ko tsoro ne zai zama. Bai zama ba. Ya je ya tari ruwa.

Bokiti biyu ya ajiye, ɗaya na sabulu a dama, ɗaya na ɗauraya a hagu. Ya wanke ta daga rufi zuwa ƙasa, ya ɗauraye, ya sake. Ya zura hannu cikin leda ya shafa jikinta, don leda tana sa yatsa ya ji ƙurar da ta kafe a fenti kamar yashi. Duk inda ya ji ƙaiƙayi ya bi da danƙon da ake cire ta da shi, har ledar ta daina magana. Yana cikin haka ne ya ƙwanƙwasa ƙofar baya ta hagu da gaɓar yatsa, tsohuwar al'adar direba idan an ba shi motar da bai sani ba. Sauran ƙofofin sun amsa da muryar ƙarfe. Wannan ta amsa a daƙile. An taɓa buge ta, an cike, an fesa, ba wanda ya san kaurin abin da aka fesa. Ya manna mata salatif biyu a hannun buɗewa don kada ya manta.

Sannan ya yayyanka motar gida-gida da salatif, kowane gida tsawon kamu ɗaya, faɗin kamu ɗaya. Tun da ba zai ga inda ya fi lalacewa ba, sai ya ɗauki kowane gida a matsayin wanda ya fi lalacewa. Ɗigo huɗu na man gogewa mai kaushi a kan soso, ya dangwala, ya baza, ya kunna. Shida a kwance, shida a tsaye, yana ƙirgawa a ransa, hannu na tafiya a hankali kamar mai guga. Ya kashe, ya share da tawul, ya taɓa da bayan hannu. Tawul mai tsabta a kafaɗar dama, wanda ya yi aiki cikin bokiti. Soso kuwa bai jira ya toshe ba, don ba zai ga toshewar ba, kowane gida uku sai ya sauya ya wanke. Bayan kowane gida yakan ɗauki tocila ya haska ya sunkuya ya ɗan karkata kai yadda ya ga Auta yana yi, ya gyaɗa. Wannan don masu kallo ne.

Mai Fenti yana can yana mutuwa da magana a ciki. Sau biyu ya taho har bakin rumfar da sunan neman almakashi, Auta ya yi gyaran murya daga ofis, ya koma yana gunguni.

Wajen la'asar tawul ɗaya ya zame daga kafaɗar Direba ya faɗi kusa da kwata. Dokar wurin ita ce tawul ɗin da ya taɓa ƙasa ya mutu, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata aikin yini. Ya sunkuya ya ɗauka, sai kuma wani ya biyo shi daga kafaɗar, suka haɗu a hannunsa. Duk shuɗaye, duk laushi ɗaya. Ya juya wannan, ya juya wancan. Ya jefa su duka cikin bokiti ya ɗauko sabbi.

Washegari ya cire gidajen salatif ya sake yanka su a wani tsari, don kada layi ya fito inda suka zauna jiya. Ya bi motar da mai matsakaici, ya sake bin ta da mai laushi da soso mai laushi, inji a ƙasa-ƙasa. Ƙofar nan ta hagu mai laushin kaɗai ya nuna mata, sau huɗu maimakon shida, ya bar ta da Allah. A murfin but farcensa ya maƙale a wani dogon zane, ya rage masa kaifi ya wuce kamar yadda aka koya masa. Kafaɗunsa sun yi tsami, yatsunsa na ci gaba da rawa ko an kashe inji. Ba ya tunanin kujera, ba ya tunanin likita. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, shi ke nan abin da ke kansa, kuma hakan ya fi masa sauƙi.

Rana ta uku da azahar ya share man ƙarshe, ya cire salatif na ƙarshe, ya ce ya gama. Auta ya shiga motar ya fito da ita tsakar fili inda rana ta fi ƙarfi.

Direba ya biyo ta ya tsaya. Fari fat, sai wani dogon baƙin abu a tsakiya. Ya rungume hannu ya dubi wajen kamar mai nazari, ya bar kunnuwansa a buɗe. Ya ji takun Auta yana zagayawa, ya tsaya, ya ci gaba, ya tsuguna har gwiwarsa ta yi ƙara.

"Baba, na kwance maka baki," in ji Auta. "Zo ka ci abincinka."

Ai kafin ya rufe baki tsohon ya iso. Ya zagaya sau ɗaya. Ya zagaya sau biyu. A na uku har kwanciya ya kusa yi a gefen taya. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya yi wani dogon tsaki.

"Hawainiya, Allah ya isa tsakanina da kai. Kwana biyu ina tara magana, ka sa ta ruɓe mini a ciki."

Auta ya fashe da dariya. "Wallahi Yaya kamar ruwan rijiya! Ka ga ƙofar nan ta hagu? Ka gane an taɓa yi mata fenti ke nan, ka bi ta a hankali. Ni sai da na duba sau biyu kafin na gane. Kai, ido ba mudu ba! Rumfar tsakiya taka ce, na rantse ko ba ka auri yayata ba taka ce."

Direba ya ce alhamdulillahi. Ya laluba cikinsa ko zai tarar da farin ciki. Abin da ya tarar gajiya ce da ƙishirwa.

"Yaya, cafe!"

Wani abu ya buge shi a ƙirji ya faɗi ƙasa da ƙara. Mai Fenti ya ƙyalƙyale, ya ce inji ya kashe wa mutum hannu. Direba ya bi ƙarar da tafin hannu a kan siminti mai zafi. Makulli ne.

Shekara biyar da buɗe wurin, Auta bai taɓa bari wani ya tuƙa motar mai kawo aiki ba, ko daga rumfa zuwa fili. Yau ga shi yana cewa, da murya cike da alfahari, "Kai za ka kai wa Lauya ita, ka ga fuskarsa da idonka. Daga yau ma ɗauko motoci da mayar da su naka ne. Ina da direban shekara ashirin a gida ina wahalar da kaina!"

Ƙafafunsa ne suka kai shi, ba shi ba. Ya buɗe, ya zauna, hannun hagu ya ja kujera baya, na dama ya gyara madubin da ba zai ga komai a ciki ba. Ya murza. Injin ya tashi a hankali, rawarsa ta hau ta sitiyari ta shiga tafin hannunsa. A nan ne ya ji yana son abu, so mai zafi. Yana son ya tuƙa motar nan. Ya san hanyar ofishin Lauya kamar yunwar cikinsa, hagu a gidan mai, shatale-tale biyu, gada, sai dama. Minti goma sha biyar ne. Ya sha yin ta yana hamma. Ya taka birki ya sa giya.

Auta ya ja ƙofar fili ta buɗe, ƙarar titi ta shigo. Babura, hon, mai tallar ruwa. Sai muryar wata mata daga bakin ƙofar.

"Ke! Dawo nan, mota za ta fito!"

Direba ya nemi yarinyar. Ya duba dama, ya duba hagu, ya matse ido har hawaye ya taru. Farin nan ne dai, da inuwoyi suna motsi a cikinsa, ba ya iya cewa wannan mutum ne wancan turke ne. Ko ta koma, ko tana tsaye a gaban bamba, bai sani ba. Ƙafarsa tana kan birki. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da giya, ya ja birkin hannu, ya kashe motar.

Auta ya leƙo ta taga. "Yaya, lafiya? Wani abu ka ji a injin?"

"Yarinyar ta koma?"

"Wace yarinya? Au, ai tun ɗazu uwarta ta ja ta, ga su can sun kai gidan mai."

"Ban gan ta ba."

"Ai 'yar mitsitsiya ce, mota kuma doguwa..."

"Ƙofar ma ban gan ta ba, Auta. Kai ma muryarka nake gani." Ya zare makullin ya miƙa ta taga. "Ba rage ma'aikata aka yi ba."

Ya faɗa musu sauran a zaune, hannu a kan sitiyari, da muryar mai ba da kwatancen hanya. Jijiya, maganin ɗigawa, wata huɗu. Da ya gama sai Auta ya ce, a hankali, "To motar nan fa?" Ya ce ita ma bai gan ta ba. Ya ji Auta ya juya baya yana jan hanci. Mai Fenti, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya mutu ba, salati kawai ya yi ya maimaita.

"Rumfar taka ce, Yaya," in ji Auta. "Kada ka sa komai a ranka. Komai ka yi ya yi."

Auta ne ya kai motar. Shi ne kuma ya raka shi gida da yamma, ya riƙe masa hannu a bakin kwata, kwatar da Direba ya yi wata guda yana tsallakewa shi kaɗai. Matarsa ta yi kukan da shi bai yi ba, ta yi faɗa, ta sake yin kuka, ta sauko da kwalbar maganin daga saman katanga ta ajiye a kan tebur inda kowa zai gani.

Da safe ya tarar an share rumfar tsakiya, an kawar da tiyo da bokitai daga hanya, an ajiye masa kujera. Aka kawo wata jar mota ƙarama. Ya wanke ta, ya bi ta da leda, ya yanka murfin but gida huɗu. Uku ya yi musu aiki cikakke. Na huɗun, na kusurwar dama, ya dirje shi da mai kaushi da busasshen soso, ya karkata injin da gangan har kukansa ya sauya, ya share ya bar shi haka. Ko ɗan koyon kwana ɗaya ya san abin da tocila za ta nuna a wurin.

Ya ɗaga murya. "Baba, wannan kam ko kai ba ka isa ba."

Ya ji an ajiye gwangwani. Tsohon ya taho, ba sauri, ya karɓi tocila. Hasken ya bi gida na ɗaya, na biyu, na uku, ya zo kusurwar dama ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Direba ya yanko salatif ya riƙe a yatsa yana jira.

Tocila ta mutu.

"Ya yi kyau, Direba," in ji Mai Fenti. "Sannu da ƙoƙari."

"Na gode, Baba."

Tsohon ya koma rumfarsa. Direba ya tsaya da ɗan guntun salatif a yatsa, bai san inda zai manna shi ba.